Kuɗin Hawa a Sakkwato: Kashi Ne, Ba Tiya Ba

Mai sayen gero a Tsohuwar Kasuwa ya san da tiya za a auna masa. Mai sayen tattasai kuwa kashi yake tararwa a kan buhu, wanda mai kaya ya kasa da ido da hannu, ya rage ko ya ƙara gwargwadon yadda kasuwa ta kwana. Kuɗin hawa a Sakkwato irin na mai tattasai ne. Ba a kafa wa ɗan kabu-kabu ko mai keke napep na'urar ƙirga tafiya ba, irin wadda tasin Landan ke ɗauke da ita. Daga Gawon Nama zuwa Mabera, farashi na bin zafin rana, da yawan fasinja, wani lokaci har da irin shaddar da ke jikinka.

Don haka ƙa'idar guda ce: a gama ciniki kafin a ɗaga ƙafa. Wanda ya hau shiru, a bakin ƙofar gidansa za a yi ta.

"Hajiya, shata fa kika ɗauka."

"Wace shata, yaro? Ba ka ɗauki mutum biyu a Dandima ba?"

Nan ne rigimar ta fi tsami, domin kuɗin shata daban, kuɗin kujera daban, kowa kuma na riƙe da wanda ya fi masa sauƙi. Sai matsalar canji: a miƙa dubu ɗaya, direba ya shafa aljihu ya ce yanzu ya fito.

Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kashin ya ƙanƙance. Direba ba ƙarya yake ba idan ya kawo kukan mai, ga kuma balas da mamallakin keke ke jira da yamma.

Masu cewa a kawo na'ura su tuna, tiyar ma ba ta hana faɗa ba. Akwai mai bubbuge gindinta ta shige ciki, akwai mai shafe toron da hannu yana janka da hira. Kuma keke ɗaya na ɗauke da mai zuwa Runjin Sambo, da mai sauka asibitin koyarwa, da tsohuwa mai ƙullin kaya. A cikinsu wa na'urar za ta ƙirga wa?