Uwargida, Yaushe Rabonki Da Wanke Bargo?



Kwanakin baya muna karatun babin tsarki a ajin matan aure na Islamiyyarmu a nan Jahun, sai wata ɗaliba ta ce: "Malama, yaro ya yi fitsari a bargo na shanya ya bushe, ya tsarkaka?" Na ce mata a'a. Ta ce ai bargon kayan ɗakinta ne da aka sayo a Kantin Kwari, irin mai kaurin nan da ake cusa wa ciko a ciki, tana tsoron ta wanke ya dunƙule. To 'yar'uwa, ki sani ba wanki ke kashe irin wannan bargo ba, ajiye shi da danshi ne.

Mu fara da hukunci. A littafin Ahalari an koya mana cewa idan kin san inda najasa ta taɓa, wurin kaɗai za ki wanke. Idan wurin ya ɓace miki, sai ki wanke duka. Idan kuwa kokwanto kike ko ta taɓa ko ba ta taɓa ba, yayyafa ruwa ya wadatar. A mazhabarmu ta Malikiyya tsantsar ruwa ne ke kawar da najasa, don haka ɗauraya ta ƙarshe ta zama da ruwan da babu omo a cikinsa.

Sai batun lafiya. Bargo na tara gumi da ƙurar hunturu, wani lokaci har da wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, masu tayar da atishawa da asma. Yaron da ke kwana fuskarsa a ciki shi ke shaƙarsu.

Lokacin da ya fi dacewa da babban wanki shi ne watan Maris ko Afrilu, sanyi ya wuce, rana ta buɗe, damina ba ta sauka ba. Ki fara duba 'yar takardar da ke ɗinke a gefensa, ki ɗinke duk inda ya yage. Ki karkaɗe shi, ki cika babban baho da ruwa mai ɗumi, ki narkar da omo kaɗan kafin ki saka shi, domin omo mai yawa maƙalewa yake a cikin cikon. Bayan minti 30 sai ki wanke ƙafafunki ki shiga ki tattaka. Ki ɗauraye sau 3 ko fiye, har ruwan ya fita garau. Kada ki murɗe shi kamar zane, nan ne cikon ke tattarewa gefe guda. Ki danne shi ruwan ya tsane.

Wajen shanya, ki shimfiɗa shi a kan igiya biyu don iska ta ratsa ƙasansa. Ki riƙa juya shi kina bubbugawa. Bayansa kan bushe da wuri alhali cikinsa da sauran ruwa, saboda haka ki matsa tsakiyarsa da hannu. In kin ji sanyi, gobe ya koma rana. Turaren wuta sai ya bushe sarai, domin turare a kan danshi ɓoye wari yake, ba ya hana fumfuna.

Mu mutanen yankin Kogin Haɗeja mun ga abin da ambaliyar 2020 da ta 2022 suka yi wa gidaje a Jigawa. Ruwan ambaliya na haɗuwa da na salga da na kwata. Bargon da ya sha shi sai an wanke da ruwan zafi da sabulu, in kuma fumfuna ta kama cikinsa, haƙuri ya fi, lafiyar yara ta fi kuɗinsa. Don haka da damina kada ki ajiye shi a ƙasa ko jikin bango; ki naɗe shi a tsohuwar atamfa, ba a leda ba, ki ɗora a saman kabad. Ki guji saka masa ƙwayar kafur, musamman in kina da jariri, domin tana iya jawo wa wasu jarirai ciwon shawara mai tsanani.

Dabara ta ƙarshe: ki kai wa tela zanen gado biyu ya ɗinka wa bargon riga. Ita za ki riƙa cirewa kina wankewa duk mako, shi kuma wanki ɗaya ko biyu a shekara ya ishe shi. In akwai mai fitsarin kwance, ki ware masa ƙaramin bargo mai saurin bushewa.

Allah Ya ba mu lafiya, Ya raya mana zuri'a, amin. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.