Awon Ratsawar Zafi a Cikin Siraran Shafe

Duk wanda ya taɓa barin cokalin ƙarfe da ludayin duma a cikin kunu mai zafi ya san cewa abubuwa sun bambanta wajen ba zafi hanya. Masanin lissafin nan na Faransa, Joseph Fourier, shi ne ya tsara ƙa'idar wannan al'amari a littafinsa na 1822. Ana bayyana ratsawar zafi da wat a kowace mita a kowane digiri. A wannan ma'auni jan ƙarfe yana da kusan 400, katako kuwa bai kai 1 ba.

Inda wannan ilmi ya fi nauyi shi ne cikin injin jirgin sama. Iskar da ke bugun fikafikan farfelar injin takan fi zafin da zai narkar da ƙarfen da aka ƙera su da shi. Saboda haka, ban da iska mai sanyi da ake turawa ta cikinsu, akan lulluɓe su da wani irin tangaran da ake kira zirkoniya, wanda kaurinsa bai cika wuce rabin milimita ba. Wannan ɗan shafe yana iya rage zafin da ke isa ga ƙarfen da digiri 100 ko fiye. In aka kuskure awonsa, ƙarfen zai gaji kafin lokacin da aka ƙiyasta masa.

To, me ya hana a auna dunƙulen zirkoniya a huta? Dalili shi ne shafen ba ɗaya yake da dunƙulen ba. Dunƙule yana da sama da 2, amma shafen da aka fesa da wuta yakan tsaya wajejen 1, domin 'yan ramuka da tsage-tsagen da ke cikinsa suna tare zafi. Tilas ke nan a auna shi yadda yake, ga shi kuwa ya yi sirantar da ba a iya soka masa ma'aunin zafi.

Dabara ta farko ita ce wadda Parker da abokan aikinsa suka bayyana a Amurka a 1961. Akan haska fuskar abin da walƙiyar haske, a yau ta leza, sa'an nan a ƙidaya lokacin da bayansa zai ɗauka kafin ya kai rabin iyakar zafinsa. Daga wannan lokaci da kaurin abin da nauyinsa da yawan zafin da yake iya riƙewa ake fitar da amsa. Watau an auna lokaci a maimakon bambancin zafi. In shafen yana kan ƙarfe, sai a cire rabon ƙarfen da lissafi.

Ga shafen da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, irin na kayan lantarki, akwai hanyar da David Cahill ya bayyana a 1990. Akan shimfiɗa siririn zaren ƙarfe a kansa, a tura masa wutar lantarki mai kai da komowa. Zaren shi ne murhu, shi ne kuma ma'auni, domin tirjiyarsa ga wutar tana sauyawa da zafinsa.

Sai dai awo ɗaya ba ya wadatarwa. Idan shafen zirkoniya ya daɗe cikin wuta, ramukansa sukan haɗe, zafi ya ƙara samun hanya. Don haka akan gasa samfurin na sa'o'i masu yawa a sake auna shi, kuma da adadin tsohon shafe ya kamata injiniya ya yi lissafi.