Maraƙin da Aka Tsaga Biyu: Alkawarin Allah da Bani Isra'ila

A wajejen shekara ta 588 kafin haihuwar Annabi Isa, rundunar Babila ta yi wa birnin Urushalima ƙawanya. Da wuya ta yi wuya, Sarki Zedekiya na Yahuza ya tara hakimai da firistoci da talakawa, aka amince kowa ya 'yanta bayinsa Ibraniyawa, maza da mata. Ba da fatar baki aka tsaya ba. An kawo ɗan maraƙi aka tsaga shi gida biyu, manyan gari suka ratsa ta tsakiya. Ba a jima ba rundunar Masar ta tunkaro, dakarun Babila suka ɗan janye. Ai kuwa masu bayi suka bazama suka kamo bayinsu. Annabi Irmiya, a babi na 34 na littafinsa, ya sanar da su cewa Allah zai mai da su tamkar maraƙin nan.

Mutanen zamanin ba su buƙatar a fassara musu wannan barazana. Wanda ya ratsa tsakanin nama, kansa ya jinginar: in ya saɓa, a yi masa yadda aka yi wa dabbar. Akwai wata yarjejeniya ta ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa tsakanin sarkin Assuriya, Ashur-nirari na Biyar, da Mati'ilu sarkin Arfad, inda aka fille kan ɗan rago, aka rubuta ƙarara cewa kan Mati'ilu ne yake wakilta.

Sanin haka ne yake sa labarin Annabi Ibrahim a babi na 15 na Littafin Farawa ya zama abin mamaki. Ya tsaga karsana da akuya da rago, kowanne ɗan shekara 3, ya ajiye kurciya da ɗan tantabara, ya yi ta korar tsuntsaye masu cin mushe har rana ta kusa faɗuwa. Sai barci mai nauyi ya ɗauke shi. Da duhu ya yi, tanderu mai hayaƙi da wuta mai ci ne suka ratsa ta tsakiya. Ibrahim bai taka ko'ina ba. Wato a wannan daren, nauyin rantsuwar ba shi zuriya da ƙasa yana wuyan Allah mai bayarwa ne kaɗai. Alamar kaciya a rana ta 8 sai a babi na 17 ta biyo baya.

Alkawarin Dutsen Sina'i kuwa da sharuɗɗa ya zo. Annabi Musa ya gina bagade da ginshiƙai 12, ɗaya domin kowace kabila, aka yanka bijimai. Rabin jinin ya zuba a bagade, ya karanta wa jama'a dokokin, suka amsa cewa sun ji kuma za su bi, sannan ya yayyafa musu jinin. Daga nan shi da Haruna da dattawa 70 suka hau dutsen, suka ci suka sha. Jini ɗaya a kan ɓangarori biyu, da kwano ɗaya: zumunta ce aka ƙulla inda babu ita a da.

Masu haƙar tarihi sun ƙara haska wannan. Tun daga 1906 aka fara tono allunan yumɓu a Hattusa, tsohon babban birnin Hittiyawa a Turkiyya ta yau, cikinsu har da yarjejeniyoyin babban sarki da sarakunan da ke ƙarƙashinsa. Tsarinsu kusan ɗaya ne. Sarki ya faɗi sunansa, ya tuna wa bara alherin da ya yi masa, ya jero sharuɗɗa, a ajiye kwafi a ɗakin ibada a riƙa karantawa, a kira shaidu, a rufe da albarka da la'ana. A 1954 wani masani Ba'amurke, George Mendenhall, ya nuna cewa alkawarin Sina'i yana bin wannan sawu. Dokoki Goma sun buɗe da tunatarwa cewa Allah ne ya fito da su daga bautar Masar. An ajiye allunan dokokin a cikin akwatin alkawari. An umarta a karanta wa kowa da kowa shari'ar duk bayan shekara 7, har mata da yara da baƙi. Da yake babu gumakan da za a kira shaida, sai aka kira sama da ƙasa.

Wasu masanan ba su gamsu da Hittiyawa ba, sun fi karkata ga Assuriya. A 1955 an gano allunan rantsuwar da Sarki Esarhaddon ya ɗora wa masu yi masa mubaya'a a shekara ta 672 kafin haihuwar Annabi Isa, a kufan Nimrud da ke Iraƙi, a 2009 kuma aka sami wani kwafi a cikin haikali a Tell Tayinat ta Turkiyya. A ciki an umarce su su ƙaunaci yarima Ashurbanipal kamar ransu, an kuma yi musu barazanar sama ta zama tagulla, ƙasa ta zama ƙarfe, ba ruwa ba shuka. Irin wannan la'ana tana nan a babi na 28 na Maimaitawar Shari'a. Manassa sarkin Yahuza kuma yana cikin masu kai wa Esarhaddon gaisuwa. Gardamar ba ta ƙare ba har yau, domin tana taɓa batun lokacin da aka rubuta littattafan.

Ko daga ina tsarin ya fito, abin da aka yi da shi ne ya fi muhimmanci. An ɗauki takardar da manyan dauloli suke ɗaure ƙananan sarakuna da ita, aka cire sunan sarkin duniya, aka sa Allah a gurbinsa. A ɗaya ɓangaren kuma ba sarki ne ya rantse a madadin talakawansa ba, al'umma ce baki ɗaya. Shi ya sa haƙƙin maraya da gwauruwa da ɗan ƙodago ya shiga cikin sharuɗɗa kafaɗa da kafaɗa da hana bautar gumaka. Shi kansa sarki an ce ya rubuta kwafin shari'ar ya riƙa karantawa muddin ransa. Da aka tsinci littafin shari'a a Haikalin Urushalima a wajejen 622, Sarki Yosiya kece tufafinsa ya yi don firgita, sannan ya tara mutane aka sabunta rantsuwa.

Sai dai akwai ƙulli. An yi wa Annabi Dawuda alkawarin sarauta mai ɗorewa a gidansa, amma a wajejen 586 Nebukadnezzar sarkin Babila ya ƙone Haikali, ya kwashe mutane zuwa Babila. A al'adar yankin, faɗuwar birni faɗuwar abin bautarsa ce. Annabawan Isra'ila suka juya lissafin: Allah bai gaza ba, sashen la'ana ne na yarjejeniyar ya fara aiki. Tun kafin haka Annabi Yusha'u ya kwatanta dangantakar da auren da mace ta ci amana, miji kuma ya ƙi rabuwa da ita. Irmiya ya yi albishir da sabon alkawari wanda za a rubuta a zukata. Kiristoci sun ɗauki wannan a kan Isa Almasihu, abin da ya sa Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa da Hausa a 1932, ya kasu Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Yahudawa kuwa suna ganin sabuntawa ce ta na Sina'i. Musulmi ma ba baƙon zancen ba ne, don Suratul Baƙara ta ambaci alkawarin da aka riƙa daga Bani Isra'ila da ɗaga dutse a kansu, Suratul Ma'ida kuma ta ambaci shugabanninsu 12.

Waɗanda suka komo daga Babila ba su da sarki nasu, suna ƙarƙashin Farisa. A zamanin Nehemiya, cikin ƙarni na 5, suka rubuta yarjejeniya da kansu, shugabanni da Lawiyawa da firistoci suka buga hatimi. Sharuɗɗan na yau da kullum ne: ba auratayya da maƙwabtan al'ummai, ba sayen hatsi ranar Asabar, a yafe bashi a shekara ta 7, kowa ya ba da sulusin shekel duk shekara domin hidimar Haikali. Har ƙuri'a suka jefa don a san gidan da zai kawo itacen wutar bagade a kowane lokaci na shekara.