Uwargida, Me Ajiyarki Ke Haifarwa?

Uwargida, kuɗin ƙuli-ƙulinki da ke banki, kin san abin da suke haifarwa? Ba sai kin fita ba. Buɗe manhajar bankin a wayarki, ki duba bayanin asusu na ƙarshen wata, za ki ga ƙarin.

A 2022 Babban Bankin Najeriya ya ce a biya mai ajiya aƙalla kashi 30 cikin ɗari na ma'aunin ruwansa. Amma in kin cire kuɗi fiye da sau 4 a wata, kin rasa na watan.

Mai gudun kuɗin ruwa kuwa, ga Jaiz tun 2012: a juya kuɗin a kasuwanci, a raba ribar.

Lambar sirrinki dai, ko ɗan aike kada ya ji. Allah ya sa albarka.