Connect Four: Karawa da Kwamfuta a Intanet

Connect Four wasa ne na mutum biyu da kamfanin Milton Bradley na Amurka ya fitar a 1974. Allonsa a tsaye yake, da layi bakwai, kowanne da gurbi shida. Kowane ɗan wasa yana da ƙwaya 21. Idan ya saki ɗaya ta sama, sai ta gangara ta zauna a gurbin ƙasa da ba a cike ba. Wanda ya riga jera huɗu, a tsaye, a kwance ko a karkace, shi ya ci.

A intanet, kwamfuta kan zama abokiyar karawa, kuma kafin ta saki ƙwaya sai ta auna abin da zai biyo baya. A mataki mai sauƙi hangenta gajere ne. A mai wuya kuwa tana ɗana tarko mai baki biyu: ƙwaya uku a jere a ƙasan allo, gefe da gefe a buɗe, ko wanne aka toshe ta ci ta ɗayan.

A 1988 James Allen da Victor Allis, kowa da nasa binciken, suka tabbatar cewa wanda ya fara da layin tsakiya, muddin bai kuskure ba, nasara tasa ce. Shi ya sa sakar wa kwamfuta tsakiya babban ganganci ne.