Lasifikar Sutudiyo: Inda Masu Jari Ke Tafka Asara

A kasuwar Alaba da ke birnin Ikko, inda ake hada-hadar kayan lantarki da na sauti, ɗan kasuwar da ke shirin buɗe ɗakin ɗaukar waƙa ko tallar rediyo yakan fara ne da tambayar lasifikar da ta fi tsada. Amma sau da yawa, bayan an kashe kuɗin, mai waƙa zai karɓi aikinsa ya sa a mota, ya ji ganga ta dushe ko murya ta nutse, sai ya dawo da shi. Asarar lokaci da man janareta da zubewar suna duk a kan mai sutudiyo suke faɗawa, alhali kuwa galibi laifin na wurin da aka ɗora lasifikar ne.

Aikin lasifikar sutudiyo shi ne ta fito da sauti yadda yake, da aibinsa. Wannan ne ya sa samfurin NS-10 na kamfanin Yamaha, wanda aka fitar a 1978 domin amfanin gida, ya zama abin dogaron injiniyoyin sauti har aka daina ƙera shi a 2001, duk da cewa ba shi da daɗin saurare. An san injiniya Bob Clearmountain na Amurka da lulluɓe ƙaramin bakinsa da takardar tishu domin rage kaifinsa.

Ƙa'idar farko ba ta cin ko kwabo. Lasifikokin biyu da kan mai saurare su yi alwatika mai ɓangarori daidai: idan tazarar da ke tsakaninsu mita ɗaya da rabi ce, haka za ta kasance daga kowacce zuwa kujerarsa. Ƙaramin bakin da ke fitar da siririn sauti ya fuskanci kunne, a daidai tsayinsa, kuma nisan kowacce daga bangon gefe ya zo ɗaya.

Bango ne babbar matsala. Lasifikar da aka matsa da ita jikin bango takan ƙara kaurin sauti har kimanin desibel 6, a kusurwa kuma abin ya fi haka. Injiniya zai ji kaurin ya yi yawa ya rage shi, waƙar ta fita waje ba nauyi. Domin haka ne kamfanoni da dama ke sa maɓallan rage kauri a bayan lasifikar, waɗanda masu saye ba kasafai suke taɓawa ba.

Shi kansa ɗakin yana da nasa amo. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, saboda haka ɗaki mai tsawon mita 4 yakan kumbura sauti mai karkarwa 43 a daƙiƙa a jikin bango, ya kusa ɓatar da shi a tsakiya. Bai kamata a ajiye kujera a tsakiyar ɗaki ba ke nan. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ba ya maganin wannan; sai alluna masu kauri cike da audugar gilashi, musamman a kusurwoyi.

Sai ƙarfin sauti. Tun a 1933 masu bincike Fletcher da Munson suka nuna cewa kunne yana ƙara jin kauri idan aka ƙara ƙara. Ma'aunin sinima desibel 85 ne, ƙaramin ɗaki kuwa ƙasa da haka ya fi dacewa da shi. Ana zaɓar mataki ɗaya, a yi masa alama, a riƙa aiki a kansa kullum.

Kamfanin Genelec na ƙasar Finlan, wanda aka kafa a 1978, yana sayar da manhaja da makirufo masu auna ɗaki su daidaita lasifika da kansu, amma ba su iya dawo da sautin da ɗaki ya haɗiye. Gurnanin da ake ji mai karkarwa 50 a daƙiƙa kuwa daga wutar lantarki yake, kuma maganinsa wayar ƙasa mai kyau da amfani da kebul irin na XLR.