Masu Nutson Kamun Lobsta a Honduras

A yankin Moskitiya na Honduras, da nutso a teku 'yan ƙabilar Miskito da yawa ke ciyar da iyali. Babban jirgi ne ke kai su nesa da gaɓa, kowa ya sauka a kwalekwale da yaro mai tuƙi. Da tukunyar iska a baya ake nutsawa, wani lokaci fiye da mita 30, a kamo lobsta, ƙaton jatan landen da akasari Amurka ake kaiwa.

Haɗarin yana cikin yawan nutso a yini ɗaya da gaggawar tasowa. Iskar naitirojin kan yi kumfa a jini, ta shanye ƙafafu, ko ma ta yi kisa. A 2021, Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka ta ɗora wa gwamnatin Honduras alhakin rashin kare masu nutson.